Horon makamashi ga mazauna tsaunuka da mata 'yan kasuwa: daga ina ya kamata a fara?

Malam Auwalu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina so in ɗora wata magana a gaban masana da masu sana'a da ke cikin wannan zaure. Shirye-shiryen horar da mazauna ƙauyukan da ke can cikin tsaunuka a kan makamashi sun yawaita a 'yan shekarun nan, tun daga Himalaya da Pamir har zuwa tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, kuma da yawansu suna ware wa mata masu ƙananan sana'o'i gurbi na musamman. Dalilin a fili yake, domin jawo layin lantarki na ƙasa zuwa ƙauye mai gidaje kaɗan a bayan kwazazzabai yana cin kuɗin da ba zai dawo ba, man dizal kuwa sai an yi dakonsa a kan hanyar da dusar ƙanƙara ko zaftarewar ƙasa kan rufe na tsawon watanni. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na mutanen duniya a yankunan tsaunuka suke zaune, saboda haka batun ba na 'yan tsiraru ba ne.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake tsara darussan. A ganina an fi karkata ga koyar da haɗa faifan sola da batir, tsimin makamashi kuma a bar shi ya zama ɗan jawabi a ranar rufe taro. Shin wanne ya cancanci ya zo farko? Sannan matan nan, a horar da su su zama masu gyara ne, ko masu sayar da kayan, ko masu amfani da wutar a sana'ar da suke yi tun da farko?

Injiniya Kabiru:
Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Amsata ita ce a fara da tsimi, kuma hujjata lissafi ce. Duk lokacin da aka hau sama da mita 1,000, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5, don haka a ƙauyen da ke kan mita 3,000 babban abin da ke cin makamashin gida shi ne ɗumama ɗaki da girki, hasken dare kuwa ɗan ƙaramin kaso ne. Faifan sola mai wat 300 yana ba da abin da bai wuce kilowat-awa ɗaya da rabi ba a yini mai kyau. Hita mai wat 2,000 idan ta yi aiki na awa 5 ta cinye kilowat-awa 10, wato sai an jera mata faifai bakwai ko takwas, ban da batiran da za su riƙe wutar zuwa dare. Wanda ya koya wa mutanen irin wannan wuri haɗa sola kaɗai ya haska musu ɗaki, amma itacen da suke sarewa da kashin dabbobin da suke ƙonawa suna nan yadda suke.

Abin da ke rage wannan buƙata sananne ne kuma ba ya neman kayan waje masu yawa. Ɗumi yana tserewa ta rufi, ta tsagogin ƙofa da taga, da kuma ta daɓe. Idan aka shimfiɗa abin da ke tsare ɗumi a rufin, kamar ulu ko ƙaiƙayi ko garin katako, aka ninka gilashin taga, aka yi ɗan zaure tsakanin ƙofar waje da ɗakin zama domin kada iska ta faɗo kai tsaye, an rage asarar sosai. Hura wuta a ɗakin da ba a yi wa wannan ba daidai yake da ɗura ruwa a tulu mai huda. Bayan haka akwai bangon da ake kira da sunan injiniyan Faransa Félix Trombe, wanda aka gina gidan gwajinsa a Odeillo cikin tsaunukan Piranis a 1967. Bango ne mai kauri da ake shafa wa baƙin fenti, a sa gilashi a gabansa, ya sha zafin rana da yini ya sake shi cikin ɗaki da dare. Ƙungiyar GERES ta Faransa ta yi aiki da irin wannan gini a Ladakh ta Indiya, inda birnin Leh yake kan kusan mita 3,500, kuma an yi amfani da shi a ƙauyukan Andis na Peru. Mai koyarwa ya kula da abu guda: a arewacin duniya kudu bangon yake fuskanta, a Peru kuwa arewa, domin can rana take karkata.

Ko a ɓangaren lantarkin ma tsimi ne ke tsaida girman abin da za a saya. Ƙwai 10 na tsohon yayi masu wat 60 idan suka yi awa 5 sun ci wat-awa 3,000, ƙwan LED masu wat 9 da ke ba da haske kusan iri ɗaya kuwa 450 kawai za su ci. Wanda ya san wannan kafin ya je sayen faifai zai sayi ɗaya a maimakon biyu ko uku.

Hajiya Rakiya:
Injiniya, lissafinku ba shi da abin kushewa, sai dai ba shi ne zai fito da mace daga gida ta zauna a aji ba. Mai ɗinki ko mai saƙa ko mai ɗan shago idan aka ce mata za a koya mata yadda za ta toshe tsagar taga, za ta ce ta gode, ta koma bakin aikinta, domin ba ta ga inda hakan zai ƙara mata ciniki ba. Idan kuwa aka ce za ta samu hasken da za ta yi aiki da shi bayan magariba, da wutar cajin wayar da take karɓar odar masu saye da ita, to za ta nemi wanda zai riƙe mata yara ta zo. Mai tsara horo ya fara da abin da mutane suke marmari, sannan ya shigar da abin da suke buƙata ba su sani ba. Ni ban yarda a jera darussa bisa yawan makamashin da kowanne ke ceto ba, a jera su bisa abin da zai sa ɗaliba ta dawo washegari.

Injiniya Kabiru:
Hajiya, ɗakin da ya yi ɗumi shi ma jari ne. A wuraren da hunturu ke ɗaukar watanni, yatsun mai saƙa ba sa aiki a ɗakin da ruwa ke daskarewa, kuma sa'o'in da take ɓatawa wajen neman itace daga lokacin sana'arta ake cire su. Na amince cewa ba haka ake gabatar da darasin ba, kuma laifin masu gabatarwa ne.

Dakta Maryam:
Ina da gargaɗi a kan maganar toshe ɗaki, kuma ina roƙon a ɗauke shi da muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda akasari daga girki da itace da gawayi da kananzir take fitowa, ta yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar hayaƙin domin su ne a gindin murhu. A cikin tsaunuka lamarin ya fi muni, saboda wutar ba ta girki kaɗai ba ce, ita ce ke ɗumama ɗakin kwana, tana ci dare da rana kuma ƙofa a rufe.

Waɗannan tsagogi da Injiniya yake so a toshe su ne suke fitar da wani ɓangare na hayaƙin a halin yanzu. Idan aka toshe su aka bar murhu ba bututun hayaƙi, an tara wa iyali iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da kasala, mutum ya yi barci bai farka ba. A kan tsauni iskar shaƙa ta riga ta yi ƙaranci, domin a mita 3,000 nauyin iska bai wuce kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ke bakin teku ba, don haka wuta ba ta ci sosai, jiki kuma ba shi da rarar da zai jure. Saboda haka darasin tsare ɗumi da darasin murhu mai bututu darasi ɗaya ne, kada a raba su ko da kwana ɗaya ne a tsakaninsu. A koyar da yadda ake share bututun, da yadda ake barin ƙaramar kafar shigar iska, da alamomin da za su sa a fitar da kowa waje nan take.

Zan ƙara wani abu a gefe. A wannan tsayi ruwa yana tafasa a kusan digiri 90, shi ya sa girki ke daɗewa yana cin itace. Tukunya mai kulle tururi tana magance wannan, kuma kaya ne da 'yar kasuwa za ta iya sayarwa ta kuma riƙa ajiye robar murfinta, wadda ita ce ke saurin lalacewa.

Malam Isyaku:
Ku yi mini afuwa, ni shakkata ta wuce batun wane darasi ne zai zo farko. Ana tara mata na kwana biyar, a ba su takardar shaida, a ɗauki hoto, masu ba da tallafi su rubuta adadin waɗanda aka horar, daga nan labari ya ƙare. Bayan shekara biyu batir ya mutu, na'urar daidaita caji ta ƙone, shagon da ke sayar da madadinta yana nisan tafiyar yini biyu, sai kayan su zama abin ratayen tufafi. Ko labarin kwalejin Barefoot ta Indiya, mai horar da matan karkara aikin sola, da ake yawan kafa hujja da shi, ina ganin daɗin jinsa ya fi ƙarfin hujjarsa. A nuna mini abin da horo yake hanawa a cikin wannan lalacewa.

Malama Zuwaira:
Malam Isyaku, abin da kuka kwatanta yana faruwa, amma misalin da kuka kawo shi ne ya fi nisa da horon kwana biyar. Bunker Roy ya kafa wannan kwaleji a Tilonia ta jihar Rajasthan a 1972, kuma horon da take ba matan karkara a kan sola na wata 6 ne cur. Yawancin matan ba su iya karatu ba, da yawansu kakanni ne, sun fito daga ƙasashe daban-daban ba su jin harshen juna, ana koya musu da launukan wayoyi da zane da kwaikwayon abin da hannun malami yake yi. Suna koyon harhaɗa na'urar daidaita caji da fitila daga ƙananan sassa, suna riƙe ƙarfen narka dalma da kansu, kuma wanda ya harhaɗa abu shi ne ya fi sanin inda zai duba idan ya tsaya. Zaɓen manyan mata kuma da gangan aka yi shi, domin saurayin da ya koyi aikin lantarki yakan tafi birni da iliminsa, dattijuwa kuwa tana nan inda jikokinta suke. Tsarin ya haɗa da kwamitin ƙauye da ke karɓar ɗan kuɗi a wata daga kowane gida domin biyan mai gyara da tanadin sabon batir, da kuma ƙaramin ɗakin gyara a ƙauyen. Inda wannan kwamiti ya yi rauni, shakkarku za ta tabbata, kuma ban musa ba.

Game da abin da horo yake hanawa, yawancin batiran da ke mutuwa da wuri kashe su ake yi. Batirin dalma ba a son a zuƙe fiye da rabin cajinsa, kuma idan aka bar shi babu caji a cikin tsananin sanyi ruwansa yana iya daskarewa ya fasa shi. Batirin litiyom kuma ba a yi masa caji idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri sifili, sai dai idan yana da abin ɗumama kansa. Mai gida da ya ga wuta ta ɗauke da wuri yakan tsallake na'urar daidaita caji ya jona fitila kai tsaye, da haka yake rage wa batirin shekaru. Waɗannan abubuwa ne da ake koya a yini ɗaya, amma sai an dawo an duba bayan hunturun farko kafin su zauna. Shi ya sa nake ganin a raba horo gida uku a cikin shekara, a daidaita shi da lokacin da aikin gona da kiwo ya lafa, a kai shi ƙauyen a maimakon a kira mata zuwa birni, kuma a samu malama mace a cikin masu koyarwa, domin akwai wuraren da ba za a bar mace ta zauna a gaban baƙon namiji ba.

Nafi'u:
Iyayena da yayyena, ina da tambaya a matsayina na ɗalibi. Na ga duk maganar ta tsaya a kan sola, alhali tsaunuka suna da ƙoramu masu gangarowa. Me ya sa ba a fi mai da hankali ga wutar ruwa ba? Sannan sanyi ba ya rage ƙarfin faifan sola?

Injiniya Kabiru:
Nafi'u, tambayarka ta biyu ita ce mai sauƙi. Sanyi taimakon faifai yake yi, zafi ne ke rage masa ƙarfi, da kimanin kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri da ya haura 25, kuma hasken rana a kan tsauni yana da ƙarfi. Matsalarsa uku ce: dusar ƙanƙara da ke rufe shi idan ba a miƙar da shi sosai ba, inuwar tsauni da ke gajarta yini a cikin kwari, da kuma tsawa, wadda ke sa dole a koyar da binne wayar kariya a ƙasa. Janareta shi ne tsayi ke cutarwa, domin injin da ba shi da abin tura iska yana asarar kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 1,000.

Ta farkon kuma ita ce ta kawo mu inda nake so mu zo. Ƙarfin da ake samu daga ƙorama ya dogara ga abu biyu, yawan ruwan da ke wucewa da kuma tsayin da yake faɗowa daga gare shi. A ninka lita a daƙiƙa da mitocin tsayi, a ninka da 10, sannan a raba biyu saboda asarar bututu da inji, abin da ya fito shi ne yawan wat. Lita 20 a daƙiƙa da ke faɗowa daga mita 30 za ta ba da kusan kilowat 3, dare da rana, ba tare da batir ba, wato kilowat-awa 72 a yini. Nepal ta yi nisa a wannan fanni, ta kafa cibiyar bunƙasa makamashi na daban mai suna AEPC a 1996, kuma an gina dubban ƙananan tashoshi a ƙauyukanta. A arewacin Pakistan ma shirin raya karkara na Aga Khan ya gina irinsu da yawa a Chitral.

To ga inda gizo ke saƙar. Ƙauyen da fitila kawai yake kunnawa yana amfani da wutar ne na 'yan sa'o'i da asuba da kuma bayan faɗuwar rana. Ruwa kuwa ba ya tsayawa, don haka na'urar daidaita lodi tana karkatar da rarar zuwa wani ƙarfe mai zafi ta ƙone a banza, domin kada injin ya yi gudu ya wuce ƙima. Kuɗin fitilar gidaje ba ya isa ya biya mai kula da tasha ya kuma sayi bel da boris, balle ya gyara magudanar da zaftarewar ƙasa ta cinye ko ya tashi tashar bayan girgizar ƙasa irin wadda ta afka wa Nepal a Afrilun 2015. Abin da ke cika wannan giɓi shi ne mai sayen wutar rana: injin niƙa, injin tatsar mai, keken ɗinki, injin sarrafa ulu, firjin ajiye madara, gidan burodi. Da yawa daga cikin waɗannan sana'o'in mata ne. Saboda haka ni ban ɗauki shigar da 'yan kasuwa mata cikin horon a matsayin alfarma ba, domin kuɗin da suke biya da rana ne ke riƙe fitilar kowa da dare.

Hajiya Rakiya:
Yanzu kun zo inda muke, Injiniya. Amma kada a ɗora wa mace nauyin riƙe tasha ba a duba abin da zai riƙe ta ba. Injin da za ta jona da kuɗi ake sayensa, kuma mace a ƙauyen tsauni sau da yawa ba ta da fili ko gida da sunanta da za ta ba banki jingina. Idan ta samu lamunin ma, wa zai sayi abin da ta sarrafa? Ƙauye mai gida 60 ba zai ciyar da injin niƙa uku ba, kuma shirye-shiryen horo suna da ɗabi'ar koya wa mata 20 sana'a iri ɗaya a wuri ɗaya, su fito su karya wa juna farashi. Kayan da za a kai kasuwar nesa kuma dole su zama masu jure hanya, marasa nauyi, masu daraja, irin busassun 'ya'yan itatuwa da saƙar ulu da zuma, domin abin da ke ruɓewa cikin kwana biyu ba ya tsira daga rufewar hanya.

Abin da nake so in gani a manhajar shi ne lissafin da mace za ta yi kafin ta ci bashi: injin nan wat nawa yake ci, awa nawa zai yi aiki, nawa ne kuɗin wutar a kan kowane buhu ko kowane yadi, wata nawa ne a shekara babu ciniki, kuma ribar watannin aiki za ta biya bashin watannin zama? A koya mata karanta mita da karanta takardar da ke jikin inji, domin dillali zai tura mata tsohon inji mai arha wanda zai cinye ribar a kuɗin wuta. Tsimin makamashi idan aka koyar da shi ta wannan hanya, babu 'yar kasuwar da za ta yi gyangyaɗi a ajin.

Injiniya Kabiru:
A ƙara da cewa injin lantarki yana jan ninkin wutarsa sau da yawa a lokacin tayarwa, don haka a ƙaramar tasha ba za a tayar da manyan injuna biyu tare ba. Masu sana'a su raba sa'o'i a tsakaninsu, kuma a sa kuɗin wutar rana ya fi na magariba sauƙi domin a jawo aiki zuwa lokacin da wutar ke zubewa.

Malam Auwalu:
Hajiya da Malama, har yanzu ina jiran hukuncinku a kan rabin tambayata na biyu. Hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, IRENA, ta fitar da rahoto a 2019 da ya nuna mata su ne kashi 32 cikin 100 na ma'aikatan fannin makamashi mai sabuntuwa, sama da kashi 22 na fannin mai da gas, amma a ayyukan fasaha kashi 28 ne, a ayyukan ofis kuwa kashi 45. Idan muka ce mace ta tsaya ga saye da sayarwa, ba mu ƙara tabbatar da wannan rabo ba?

Malama Zuwaira:
Mun ƙara tabbatar da shi, Malam, kuma a ƙauye mai nisa rabon ba ya ma aiki. A birni mai sayarwa daban mai gyara daban, amma inda gidaje suka warwatsu a kan tuddai gyara kaɗai ba ya ciyar da mutum, sayarwa kaɗai kuma tana ƙarewa ranar da kowane gida ya mallaki fitila. Ƙungiyar Solar Sister, wadda aka kafa a 2010, ta nuna a ƙasashen Afirka cewa mata suna iya kai fitilun sola da murhu inda shaguna ba su kai ba, saboda maƙwabciya ta fi yarda da wadda ta sani. A tsauni sai an ɗora gyara a kan wannan. Wadda ta sayar da fitila ita ce za a ƙwanƙwasa wa ƙofa idan ta mutu, don haka gara ta iya auna batir da canza fis da gano wayar da ta katse, ta kuma san kayan da suka ci jarrabawar inganci irin ta VeraSol domin kada jabu ya zubar mata da mutunci.

Malam Isyaku:
Na ji bayanan, kuma na sassauta a kan sola ta gida. A kan tashar ruwa kuwa ina nan a kan bakana cewa akwai iyakar abin da kwamitin ƙauye zai iya. Ku dubi yankin Gorno-Badakhshan na Tajikistan. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 dizal ɗin da ake kai musu ya yanke, tashoshi suka lalace, mutane suka koma sare itatuwa domin su tsira daga hunturu. Abin da ya dawo da wuta shi ne kamfanin Pamir Energy da aka kafa a 2002 da haɗin gwiwar gwamnati da asusun Aga Khan da Bankin Duniya da tallafin Suwizalan, mai ma'aikata masu albashi da mita da takardar biyan kuɗi, har ya kai ga tsallakar da wuta zuwa ƙauyukan Afganistan da ke hayin kogin Panj. Horo yana da amfani idan akwai wanda zai ɗauki wanda aka horar aiki. Abin da nake tsoro shi ne a kira mace injiniyar ƙauye, a riƙa tashinta da tsakar dare ta share shara daga bakin bututu, a ƙarshen wata kuma a biya ta da godiya.

Hajiya Rakiya:
Wannan tsoron nawa ne ni ma, Malam Isyaku, kuma maganinsa shi ne a rubuta ladan mai gyara a cikin yarjejeniyar ƙauye kafin a sauke kaya daga mota, a kuma buɗe asusun da sai da sa hannun mutum biyu ake cire kuɗi, ɗaya daga cikinsu mace mai sana'a, tunda ita ce ta fi asara ranar da wuta ta tsaya. Sai dai ban yarda a jira kamfani ba. Kamfani yana zuwa inda akwai masu biya da yawa, ƙauyen da ke ƙarshen kwari kuwa zai daɗe bai gan shi ba.

Nafi'u:
Hajiya, to idan hanya ta rufe wata huɗu kuma abu ya lalace a watan farko, me mai gyaran za ta yi da iliminta?

Injiniya Kabiru:
Za ta yi aiki da abin da ta ajiye kafin hanyar ta rufe, shi ya sa zama na ƙarshe na horon ya kamata ya faɗo gab da shigowar hunturu, kuma ya kasance na ƙidayar kaya. Ga sola, a ajiye fis da ƙwan fitila da makunni da waya da na'urar daidaita caji ko da guda biyu, da ruwan batir idan na dalma ne mai buɗewa. Ga tashar ruwa, a ajiye bel da boris da giris da sassan na'urar daidaita lodi da suka fi saurin ƙonewa. Batir shi ne ba a tarawa, domin yana lalacewa a ajiye, sai dai a auna kowanne a canza masu rauni tun hanya tana buɗe. Wannan kuma yana yiwuwa ne kawai idan ƙauyen gaba ɗaya ya sayi kaya iri ɗaya, domin mai gyara ba za ta iya ajiye sassan samfuri goma ba. A nan ne za mu yi karo da Hajiya, tunda 'yar kasuwa tana son ta kawo kaya iri-iri kowa ya zaɓa daidai aljihunsa.

Hajiya Rakiya:
Za mu yi karo kuwa, amma ba a kan komai ba. A daidaita ƙarfin batir da irin makunni da na'urar caji, waɗannan na yarda. Fitilu da rediyo da girman faifai kuma a bar wa mai saye zaɓinsa, domin gidan makiyayi mai ɗaki ɗaya ba zai sayi abin da mai ɗakin ɗinki zai saya ba, kuma idan aka tilasta masa zai je ya kawo jabu daga kasuwar gari, ya dawo wurin mai gyaran da shi.